Yadda ake gano ɓarnar inji bayan sarƙar taimin ta tsinke ko ta yi tsalle

Mota tana cikin tafiya sai a ji ƙarass daga gaban inji, ta mutu nan take. Ko kuma da sassafe a murɗa makulli, inji ya yi ƙara kamar ana jan sarƙa a kan kwano, ya tashi na daƙiƙa biyu ya mutu, daga nan kik sai juyawa yake da sauri babu nauyi. Duk wanda ya daɗe a gareji ya san wannan sautin. Abin da kunne ba ya faɗa shi ne girman ɓarnar: sarƙar kaɗai ce, ko bawuloli sun lanƙwashe, ko abin ya sauka har ƙasan inji. Kuɗin da ke tsakanin waɗannan ukun ba kusa ba ne, kuma a nan ake yawan tafka asara ta hanya biyu. Wani ya ruga kasuwa ya sayo sabuwar sarƙa, a ɗaura, mota ta ƙi tashi. Wani kuma a ce masa inji ya buga, ya sayi na Kwatano, alhali bawul huɗu kawai tsohon yake nema. Ɓarnar nan aunata ake yi, kuma awon yana da tsari: daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa abin da sai an kwance.

Abin da ke faruwa a ciki

Sarƙar taimin ita ke haɗa karanshaf, sandar da fistin ke juya ta, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawuloli. Karanshaf ya yi zagaye biyu, kamshaf ya yi ɗaya, ta haka bawul ke buɗewa lokacin da fistin ya yi ƙasa, ya rufe kafin fistin ya dawo. A yawancin injunan zamani wuri ɗaya fistin da bawul suke amfani da shi, lokaci ne kawai ya raba su. Da sarƙa ta saki, kamshaf ya tsaya da wasu bawuloli a buɗe, karanshaf kuwa yana ci gaba da juyawa da nauyin motar, sai fistin ya hau ya maka musu.

Masu tsohuwar Camry mai inji 2.2, wato 5S-FE mai bel, sun saba bel ya tsinke a sa sabo a wuce, domin wannan injin fistin ɗinsa ba ya kaiwa ga bawul. Kada a ɗauko wannan sabon a kawo shi kan injin sarƙa. Honda K24 na Accord da CR-V, injunan TSI na Volkswagen, EP6 na Peugeot 308 da 508, M271 na Mercedes, N47 na BMW mai dizal, duk fistin yana taɓa bawul. Ka ɗauki kowane injin sarƙa a haka har sai littafin kamfani ya ce maka a'a.

Tsalle ma ba ƙaramin abu ba ne. Idan giyar kamshaf tana da haƙora 36, haƙori ɗaya digiri 10 ne a kamshaf, digiri 20 a karanshaf. Da haƙori ɗaya mota takan tashi tana rawa babu ƙarfi. Daga biyu zuwa uku, a injuna da yawa, an fara taɓawa.

Da farko, cire hannu daga makulli

Kada a sake yin kik, kada a tura motar a giya don a gwada. Kowane zagaye na iya ƙara lanƙwasa bawul ɗin da ya tsira, ko ya karya kan wanda ya lanƙwashe ya faɗa cikin silinda. Cire kan batir na negatif domin kada wani yaron gareji ya zo ya murɗa. Idan za a ja motar, a sa ta a firi, mai otomatik kuwa gara a kira janwe.

Tambayi direba abu uku. A wane gudu ta mutu? Wadda ta mutu a silo, wato tana tsaye inji na aiki, ko wajen tayarwa ɓarnarta takan tsaya a bawuloli kaɗan, wadda ta mutu a kan babbar hanya tana gudun 100 sai a shirya ganin komai. Sau nawa aka yi kik bayan ta mutu? Sannan, wutar baƙin mai ta taɓa kawowa kafin abin ya faru? Amsar wannan ta ƙarshe ita za ta gaya maka ko ƙasan inji na cikin zargi.

Kafin a cire batir ɗin, idan akwai na'urar sikanin, a kunna makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kawowa kawai, a karanta lambobin. P0016 da P0017 suna nufin karanshaf da kamshaf ba sa tafiya tare, P0018 da P0019 su ne na ɗaya ɓangaren a injin V6. P0008 ya yi suna a injin 3.6 na General Motors, P0341 kuma a Honda K24 idan sarƙa ta miƙe. A rubuta su, a duba bayanan da kwamfutar ta adana na lokacin da lambar ta shiga, musamman gudun inji da zafinsa. Kada a goge komai tukuna. Lambobin nan suna nuna cewa taimin ya kauce, amma babu wadda za ta ce maka bawul ya lanƙwashe.

Buɗe murfin sama

Cire kwayil da fulogi duka, ka jera su bi da bi kada su cakuɗe. Fulogin da bakinsa ya maƙure ko farin tangaran ɗinsa ya fashe, wani abu ne ya dake shi daga ciki, kuma wannan silindar ka sa mata alama.

Sannan ka cire murfin saman tof, wato kan injin da bawuloli ke zaune a ciki. Kalli sarƙar: a tsinke take, ko tana nan amma ta yi sako-sako har ana iya ɗaga ta daga haƙoran giya da yatsa? Duba alamun taimin a giyoyin kamshaf biyu ko suna kallon juna yadda ya kamata. Bi kamshaf daga farko zuwa ƙarshe da fitila, ka nemi tsagewa a jikinsa da a marufan da suka danne shi. Duba rokoki, wato ƙananan hannuwan da kamshaf ke danna bawul da su: wanda ya karye, wanda ya zame daga mazauninsa ya kwanta a gefe. A injin N47 rokokin sukan karye tun kafin bawul ya sha wuya sosai, kuma ka tuna sarƙar wannan injin tana baya ne, wajen giyabos, ba a gaba ba.

Wani abu da ke ruɗar mutane: sarƙa lafiya lau, alamu sun daidaita, amma taimin a kauce. Ɗan fil ɗin da ke riƙe giya a kan kamshaf ne ya yanke, giya na juyawa kamshaf bai bi ba. Haka ma makullin giyar karanshaf. Wasu injunan ma ba su da wannan makulli sam, kamar Duratec mai silinda huɗu na Ford da takwaransa na Mazda, ƙarfin ɗaurin noti ne kawai ke riƙe giyar. A irin waɗannan, da EP6 na Peugeot, ba a tabbatar da taimin sai da ƙarafunan kulle na musamman. Alamar fenti da aka shafa da hannu ba ta wadatar ba.

Leƙa cikin silinda

Ƙaramar kyamara mai igiya da ake haɗawa da waya, mai kaurin milimita 5.5 zuwa 8, tana shiga ta ramin fulogi. A saman fistin baƙin gawayi ne ya rufe ko'ina, saboda haka duk inda ka ga wani zane mai sheƙi kamar jinjirin wata, nan bakin bawul ya sauka. Ƙidaya zanen a kowace silinda, ka lura ko ɓangaren shigar iska ne ko na salansa. Idan kyamarar tana da madubi ko ido na gefe, juya ta sama ka ga kawunan bawulolin, ko akwai wanda ya karkace ko ya ɓace gaba ɗaya. Ka kalli bangon silinda ma ko akwai karce a tsaye.

Sai dai rashin ganin zane ba shaidar lafiya ba ne. Bawul kan lanƙwashe da ƙasa da kaurin takarda, ya bar alamar da kyamara ba ta kamawa, kuma hakan ya isa ya zubar da matsi.

Juya inji da hannu, amma da ƙa'ida

Da fulogi a cire, sa soket da dogon hannu a notin fulin karanshaf, ka juya a hankali zuwa inda injin ke juyawa. Da ka ji ya tokare, tsaya. Kada ka ƙara bututu ka danna, wannan tokarewar fistin ne ya sami bawul a buɗe. Koma baya kaɗan.

Abin da ake so shi ne a sa dukkan fistin a tsakiyar hanya, inda babu wanda zai taɓa bawul. A inji mai silinda huɗu a jere wannan yana digiri 90 daga alamar sama, wato inda fistin na 1 ke kai ƙololuwa. Zura dogon sukudireba ko sandar roba a ramin fulogi na 1 da na 2, idan tsayinsu ya zo ɗaya to kana wurin. A nan ne kawai ake juya kamshaf ko a kwance shi.

Yanzu auna ratar bawul da fila gej, wato siraran fallen ƙarfe na auna rata, hancin kam yana kallon sama. A injunan da ake saita ratar da hannu ko da shim, takan kasance tsakanin milimita 0.2 da 0.4 gwargwadon inji da ɓangare. Bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya komawa mazauninsa, sai ya tsaya ƙasa-ƙasa, ratarsa ta buɗe. Idan maƙwabtansa na ba da 0.25 shi kuma ya haɗiye milimita ɗaya ko biyu, ba sai an yi gardama ba. Injunan da tafet ɗinsu, wato abin da ke tsakanin kam da bawul, ke aiki da baƙin mai sukan ɓoye wannan ratar. A nan sai a cire kamshaf, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan wutsiyoyin bawulolin, wanda ya gaza tsawo shi ne mai laifi.

Wajen kwance kamshaf, a sassauta notocin marufansa kaɗan-kaɗan, rabin zagaye a kowanne, daga gefe zuwa tsakiya. Wanda ya cire na gefe ɗaya gaba ɗaya ya bar sifirin yana tura ɗaya gefen, yana iya karya kamshaf da hannunsa. Marufan suna da lamba da kibiya, kowanne gurbinsa zai koma.

Gwajin iska: nan ne amsar take

Mutane da yawa gejin kwamfureshan suke fara ɗaukowa. A injin da taiminsa ya kauce wannan kuskure ne sau biyu. Na ɗaya, gwajin yana buƙatar kik, abin da aka hana. Na biyu, ko bawuloli lafiyarsu ƙalau, gej zai nuna sifili ko kusa da shi tunda ba sa rufewa a kan lokaci. Ba ka koyi komai ba, kuma wataƙila ka ƙara ɓarna.

Gwajin da ya dace shi ne na hura iska cikin silinda a ga nawa take zurarewa, kuma ba ya buƙatar sarƙa. Da kamshaf a cire, ko marufansa a sassauce har ya daina danna komai, duk bawul mai lafiya sifirinsa ya rufe shi. Na'urar tana da agogo biyu: ɗaya na nuna iskar da ka ba ta, ɗaya na nuna wadda silinda ta riƙe. Saita ta a kan 100 psi, kusan bar 7 ke nan, domin lissafin ya zo da sauƙi: idan agogo na biyu ya nuna 92, kashi 8 cikin ɗari ke zurarewa.

Kawo fistin ɗin silindar da za a gwada can ƙololuwa daidai, a hankali, kana sauraron tokarewa. Cire hannun soket daga notin karanshaf kafin ka buɗe iska. Wannan ba wasa ba ne: idan fistin ya ɗan kauce daga ƙololuwa, iskar za ta tura shi ƙasa da ƙarfi, hannun ƙarfen ya wulwulo ya fasa haƙora ko lagireto. Idan bawuloli kawai kake son ji, tunda kamshaf ba ya nan, ka bar fistin a can ƙasa, babu inda zai je.

Ƙasa da kashi 10 lafiya ce. Tsohon inji mai sanyi yana iya kaiwa 20 ba tare da wata matsala ba. Daga 30 zuwa sama akwai magana, bawul ɗin da fistin ya daka kuwa yakan ba da 70, 80, ko agogon ya kwanta gaba ɗaya. Amma kunne ya fi agogo amfani a nan. Bi inda iskar ke fita:

Idan ta bakin shigar iska take huci, bawul ɗin shiga ne. Idan ta bututun salansa ne a baya, bawul ɗin fita. Idan ta ramin zuba baƙin mai ko na gejin mai take fitowa da ƙarfi, ringi ne ko fistin ya tsage, amma ɗan huci kaɗan a nan kowane inji yana yi. Idan ruwan lagireto na kumfa, gasket ne ko tof ya tsage. Idan ta ramin fulogin maƙwabciya take fita, gasket ya ƙone tsakanin silinda biyu.

Wani lokaci ɗan gawayin da dukan ya ɓamɓaro ne ke maƙalewa a bakin bawul ya hana shi rufewa. Da iska a ciki, ɗan bubbuga wutsiyar bawul ɗin da gudumar roba, a kan tsakiya. Idan gawayi ne zai fice, agogo ya tashi. Idan lanƙwasa ce babu abin da zai canza.

Wanda ba shi da na'urar ba zai zauna ba. A fasa tangaran ɗin tsohon fulogi, a yi wa gangar waldar bakin tiyo, a ari kwamfuresar mai faci. Ba za a sami lamba ba, amma za a ji inda iska ke fita, kuma za a iya kwatanta silinda da silinda. Rubuta sakamakon kowacce a takarda a gaban mai mota.

Idan duk silindodin sun riƙe iska, to an yi sa'a. Sai a ɗaura sabuwar sarƙa, a saita taimin, sannan a yi gwajin kwamfureshan don tabbatarwa, da totur a take har ƙasa da fiyus ɗin famfon fetur a cire. Toyota 2AZ-FE na Camry 2.4 yana ba da kusan 198 psi idan lafiyayye ne, mafi ƙaranci 142, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 14. Honda K24 mafi ƙaranci 135 psi. Amma ko an yi wannan sa'ar, mataki na gaba ba a tsallake shi.

Sauke kaskon baƙin mai

Wannan ne aikin da aka fi gudu, shi ne kuma ke kashe injin da aka gyara bayan mako biyu. Dampa da gaid ɗin da sarƙa ke bi roba ce mai tauri, idan ta tsufa takan farfashe, kuma gutsattsarin ba su da wurin zuwa sai botom filet, wato kaskon baƙin mai. Can suke taruwa a rariyar famfon mai su toshe ta. Juye mai ta noti ba ya fitar da su.

Tace man a farin ƙyalle. Sauke kaskon, tattara duk gutsuren roba ka jera su kusa da tsohon gaid ɗin har sai sun cike shi. Idan akwai giɓi, sauran yana wani wuri, ka nemo shi. Cire bututun rariyar ka haska cikinsa. Yanka filtar mai da almakashin ƙarfe, ba da zarto ba domin zarto na zuba nasa garin, ka buɗe takardar a rana. Sa maganaɗisu: abin da ya kama ƙarfe ne, daga sarƙa ko haƙoran giya ko kamshaf. Fari mai sheƙi da bai kama ba alminiyom ne, galibi sarƙa ce ta yi ta gogar murfin gaba. Mai launin jan ƙarfe ko ruwan gwal, wannan metal ne, wato ɓawon da karanshaf ke juyawa a cikinsa, kuma labarin ya canza.

Tunda kasko a buɗe yake, kama kowane konrod, wato sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, ka girgiza sama da ƙasa. Motsin gefe kaɗan daidai ne, motsin sama da ƙasa bai kamata a ji shi ba. Buɗe marfin konrod ɗaya ko biyu, musamman na silindar da ta fi shan duka. Metal mai lafiya toka-toka yake, sumul. Idan ya yi ja, ko ya karce, ko ya juya a mazauninsa, karanshaf sai ya fito an auna. Ratar metal a yawancin ƙananan injunan fetur tana tsakanin milimita 0.02 da 0.06, ana auna ta da zaren Plastigauge. K24 da 2AZ-FE suna da wata ƙaramar sarƙa ta biyu mai juya famfon mai, a duba ta da tenshinarta tun ana wurin.

Idan tof zai sauka

Kwance notocin tof daga gefe zuwa tsakiya, a matakai biyu ko uku, inji a sanyaye. Kifa tof ɗin, mayar da fulogi, cika kowane kwarmin da kananzir, ka jira minti biyar zuwa goma kana leƙen ramukan shiga da fita. Wanda ya jiƙe, bawul ɗinsa ba ya rufewa. Cire bawulolin ɗaya-ɗaya, ka mirgina kowanne a kan gilashi da kansa a rataye a gefe, ko ka sa shi a bakin dirila ka juya a hankali. Duk wanda kansa ke rawa ya tafi.

Ba a miƙe bawul da guduma. Ana yi a wasu wurare, mota kuma takan tashi, amma wuyan ya riga ya raunana, kuma ranar da kan ya cire a kan hanya fistin da tof da bulok duk za su tafi tare. Ra'ayinmu ma, duk silindar da aka ga zane a fistin ɗinta, a canza bawulolin wannan ɓangaren biyu ko da ɗaya ya ci gwajin kananzir.

Abin da ake mantawa shi ne gaid ɗin bawul, bututun da wutsiyar ke bi. Bawul in ya lanƙwashe yakan tsaga bakin gaid ɗin ta cikin rami. Haska, ka duba da kyau. Sa sabon bawul a ciki, ɗaga shi kamar santimita ɗaya ka kaɗa, idan yana lilo sosai gaid ɗin ya buɗe. Sabon bawul a tsagaggen gaid zai sha mai, ya yi hayaƙi, ya ƙone. Duba mazaunin bawul ko ya tsage ko ya motsa, sannan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof a tsaye da a karkace. Iyakar lanƙwasa a yawancin injuna tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10. Canjin gaid da yankan mazauni aikin masu injin gogar tof ne, ba na bakin titi ba.

Sai fistin. Ɗan zanen da farce ke ji ba ya kashe fistin, a goge kaifin bakin kawai don kada ya riƙa yin ja da zafi. Amma idan dukan ya sauka a gefen fistin, yana iya matse ramin ringi na sama ya kama ringin, kuma wannan ne ke sa iska ta fita ta ramin mai a gwajin da ya gabata. Irin wannan fistin sai ya fito.

Auna tsayin kowane fistin a ƙololuwa da agogon awo, a kan layin fil ɗinsa, ka kwatanta da fuskar bulok. Ya kamata su zo kusan ɗaya. Wanda ya gaza 'yan uwansa da milimita 0.2 ko fiye, a zargi konrod ɗinsa da lanƙwasa, a fito da shi. A injin fetur wannan ba ya yawan faruwa, bawul ne ke sallamawa. A dizal kuwa bawulolin a tsaye suke cak a kan fistin, dukan yana tafiya kai tsaye, don haka rokoki da kamshaf da konrod suka fi shan wahala.

Idan kan bawul ya karye, gutsattsarinsa sukan koma cikin manifol na shiga su ɓuya, sai an tayar da sabon aiki su faɗa wata silindar. A wanke shi sosai, na roba mai lunguna kuwa gara a canza. Mota mai turbo a leƙa fukafukin ɓangaren salansa.

Me ya kashe sarƙar?

Sarƙa ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Tenshina, wadda ke tsuke sarƙar, da matsin baƙin mai take aiki, saboda haka man da ya wuce lokacin juye, ko mai kauri irin 20W-50 a injin da kamfani ya rubuta 5W-30 ko 0W-20, ko jabun filta da ba ta riƙe mai idan mota ta kwana, duk suna barin sarƙa tana kaɗawa a daƙiƙun farko na kowace safiya. Cire tenshinar ka duba haƙoran da ke hana ta komawa baya, ka hura ramin man da ke ciyar da ita. Sau da yawa gam ɗin da aka lafta a wani aikin baya ne ya toshe shi.

Wasu injunan da ciwonsu suka zo. Tsohuwar tenshinar injin 1.8 da 2.0 TSI takan koma baya, kamfanin ya fitar da wadda aka gyara, ita za a nema. A M271 haƙoran giyoyin kamshaf ne ke cinyewa, sabuwar sarƙa a kan tsofaffin giyoyi aikin banza ne. A injin 3.5 na Ford Edge famfon ruwa yana ciki, sarƙar ce ke juya shi, idan boris ɗinsa ya mutu sarƙa ta saki, ruwa kuma ya gangara cikin mai. Sannan a juya da hannu duk abin da kamshaf ke ja, kamar famfon iskar birki, domin idan ya daskare yana iya yanke notin giya ko ya tsinka sarƙa. A duba giyar VVT ma, wato giyar kamshaf mai sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai: idan ba mai a ciki ya kamata ta kulle, in tana motsi gaba da baya a hannu fil ɗinta ya ci.

Gyara ko sauya

Idan ɓarnar ta tsaya a bawuloli, metal fes, bangon silinda sumul, gyara ya fi, domin injin da ka buɗe ka san cikinsa. Idan gaid da yawa sun tsage ko mazaunin kamshaf ya karce, tof na hannu daga Ƙofar Ruwa ko Panteka yakan fi araha, amma a yi masa gwajin kananzir a gaban mai shago kafin a biya. Idan an haɗa bawul karyayye da bango mai rami, ko metal ya juya, sai a fara lissafin wani injin. Shi ma kafin a ɗora shi a buɗe murfinsa a ga sarƙar, domin shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu, kuma canza ta a ƙasa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wajen haɗawa a canza kayan gaba ɗaya: sarƙa, tenshina, dampa da gaid, giyoyin da haƙoransu suka yi tsini, sil ɗin gaba, sil ɗin bawul, gasket. Notocin tof da ake ɗaurewa da digiri suna miƙewa, a auna su ko a sa sababbi. A 2AZ-FE na shekarun farko a duba zaren ramukan notin a bulok, musamman na baya, an san su da zarewa.

Bayan an zare fil ɗin tenshina, juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, ka tabbatar babu tokarewa kuma alamun giyoyi sun dawo wurinsu. Ƙwayoyin sarƙa masu launi ba za su koma kan alamar ba sai bayan zagaye masu yawa, kada wannan ya tayar da hankali. Zuba sabon mai da filta, bar fulogi a cire da fiyus ɗin famfon fetur, yi kik na daƙiƙa goma-goma har wutar mai ta ɗauke, sannan a mayar da komai a tayar. Ɗaura gejin matsin mai na gaske a ramin sensa idan inji ya yi zafi: K24 yana son aƙalla bar 0.7 a silo da bar 3 a zagaye 3,000 a minti. Goge lambobin, yi tafiyar gwaji, sake karantawa. Bayan kilomita 500 zuwa 1,000 a sake juye, a yanka filtar a duba takardarta kamar yadda aka yi da farko.